Zafin Dare a Birnin Sakkwato: Akwai Hannunmu a Ciki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin hukuma da masu gine-gine kan zafin da ke addabar birnin Sakkwato, musamman da dare. Kowa ya san cewa daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a nan, kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga garin da ke bakin hamada. Abin tambaya shi ne me ya sa mazaunin Mabera ko na kusa da babbar kasuwa yake kwana cikin gumi har asuba, alhali manomin fadamar Kwalkwalawa, wanda bai yi nisa da gari ba, yana samun sauƙi da zarar dare ya raba.

Dalilin yana cikin abin da muke gina gari da shi. Kwalta da siminti da bulo suna wuni suna shan rana, idan ta faɗi kuma sai su riƙa sakin zafin a hankali har gari ya waye. Buɗaɗɗen fili a busasshiyar ƙasa yana saurin hucewa, domin babu abin da ya raba shi da sararin sama, amma a unguwa mai cunkoso bango yana mayar wa bango da zafi, dogayen katangu kuma suna tare iska. Ga hucin janareto da na babura, ga na'urar sanyaya ɗaki wadda ke sanyaya mai gida tana hura wa maƙwabcinsa wuta. Tun a 1818 wani Bature mai suna Luke Howard ya nuna cewa cikin birnin Landan ya fi ƙauyukan kewayensa ɗumi.

Birnin Phoenix na Amurka, wanda ke cikin hamada, ya fi dacewa mu duba. A shekarar 2023 ya yi kwana 31 a jere zafinsa yana kai digiri 43 ko fiye, kuma a darare da dama bai sauka ƙasa da digiri 32 ba. Masana sun lura cewa da rana unguwannin da ke da itatuwa da ban ruwa kan fi hamadar kewaye sanyi, amma da dare birnin ne ke riƙe zafi. Wannan zafin dare shi ne mai haɗari, domin yana hana jiki hutawa, kuma tsofaffi da jarirai da marasa lafiya su ne suka fi jin jiki.

Abin takaici, mu a nan ana sare dogonyaro a bakin titi domin a gina shaguna, ana kuma malale tsakar gida da siminti ana kiransa ci gaba. Ina kira ga hukumar tsara birni da ta sanya dasa itace da barin wani ɓangare na fili babu siminti cikin sharuɗɗan ba da izinin gini, ta kuma ƙarfafa shafa wa rufin kwano farin fenti, tun da fari yana mayar da hasken rana. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wato shirin dashen itatuwa domin tare kwararowar hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya haɗa da jiharmu, don haka bai kamata a bar cikin gari a baya ba. Haka kuma ya dace masana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo su kafa ma'aunan zafi unguwa-unguwa, su auna dare da rana tsawon bazara guda, domin a san inda za a fara dashe.

Naka,
Wani mai karatu daga Runjin Sambo, Sakkwato.