Umma, mun fara tattakin Arba'in

Assalamu alaikum Umma, da fatan kuna lafiya, ya Baba da ƙafar tasa, ya mutanen Tudun Wada gaba ɗaya. Na san kin kira ba ta shiga ba, layi ne ya cushe saboda yawan jama'a, shi ya sa na rubuto wa Auta ta karanta miki.

Yau da asuba muka bar Najaf a nan Iraki, muka nufi Karbala a ƙasa don ziyarar Arba'in, wato cikar kwana arba'in da shahadar Imam Husaini (AS). Sai da muka yi sallama a haramin Imam Ali (AS) sannan muka ɗau hanya, muka bi ta gefen maƙabartar Wadis Salam, Umma girman maƙabartar nan sai wanda ya gani, ka yi ta tafiya ba ta ƙare ba. Daga Najaf zuwa Karbala wajen kilomita 80 ne, kusan daga Kaduna zuwa Zariya kenan, kuma an sa wa turakun fitilar kan titi lamba har 1452, tsakanin kowanne kamar mita 50, da su ake gane inda aka kai, in ka ɓace wa 'yan uwanka sai ka ce mu haɗu a lamba kaza.

Maganar abinci da kike ta damuwa, don Allah ki kwantar da hankalinki. Wallahi tun safe ban ciro ko dinari ɗaya daga aljihu ba. Hanyar gaba ɗaya rumfuna ne da suke ce wa maukib, shinkafa da miya, gurasa mai zafi, dabino, ruwan sanyi, ga shayinsu baƙi ƙirin a ɗan ƙaramin kofi sukari har ya kwanta a ƙasa, kuma roƙonka ake ka ci, har rigarka ake ja. Wata yarinya da ba ta kai Auta ba ta zauna a tsakiyar hanya da faranti a ka cike da dabino, rana na dukanta ko motsi ba ta yi. Da azahar zafi ya yi zafi muka shiga wata rumfa, wani dattijo sa'an Baba ya kama ƙafata zai matsa min, na janye na ce a'a, ya rantse sai ya yi, ya ce ƙafar baƙon Husaini ce. Na kasa magana Umma, hawaye kawai. Yawancinsu fa ba masu hali ba ne, wasu shekara guda suke tari don kwanakin nan, kuma lokacin Saddam an hana tattakin, sai bayan 2003 ya dawo fili.

Na haɗu da mutanen Basra da suka taho a ƙasa kusan kilomita 500, har da tsofaffi a keken guragu, sai na ji tawa tafiyar ba komai ba ce. Ƙafa dai ta ɗan yi bororo, an sa min magani kyauta, yanzu ina kwance waya na caji. Da tsakar dare za mu tashi don mu ci sanyi, mu isa kafin 20 ga Safar, ranar Arba'in ɗin, in sha Allah.

Na yi niyya wata shekara da ke za a yi, ki fara maganar fasfo da Yaya tun yanzu, ni zan ji da kuɗin. Na makarantar Auta kuma sai na koma bakin aiki zan turo. Ki gaida Baba da su Gwaggo, ki sa ni a addu'a.

Ɗanki.