Baƙonku na ranar Asabar bai san Samaru ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Gaskiya baƙon nan da kuka kawo a shirin fasaha na ranar Asabar ya ɓata mini rai. Wai shekara goman da kamfanin Microsoft ya yi yana ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta isa, duk wanda kwamfutarsa ta ƙi ɗaukar Windows 11 ya sayi sabuwa kawai. Kawai! Da kuɗin wa?

Shagon buga takardu gare ni a Samaru, daura da Jami'ar Ahmadu Bello. Duk kwamfutocin da ke ciki 'yan Beljiyam ne. Sai Bature ya more su shekara biyar ko shida a ofis kafin a zubo su cikin kwantena su sauka Legas, daga nan su iso Sabon Gari. To shekara goman da yake ta nanatawa, daga 2015 da Windows 10 ta fito zuwa 14 ga Oktoban 2025 da aka yanke mata sabuntawar tsaro, rabinta ma da ƙyar ya iso hannunmu. A can aka cinye sauran.

Kuma lafiyarsu lau. Akwai wadda haruffan kibod ɗinta duk sun goge, yaron shagona a ka yake bugawa, amma ba ta taɓa ƙin tashi ba. Laifinta ɗaya, ba ta da wani ɗan abin tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda sai da shi Windows 11 ke yarda ta hau. Lokacin rubuta furojet kowane ɗalibi da filashinsa, kowane filashi da cutarsa. Mu ne muka fi kowa bukatar kariyar nan, ba mai sauya laftof duk shekara uku ba.

Ya ce ai ana iya biyan dala 30 a ƙara wa Windows 10 shekara ɗaya ta sabuntawar tsaro. Malam, ka juya ta zuwa naira, ka ninka da yawan kwamfutocin shago, sannan ka gaya mini shafi nawa zan buga. Windows XP ta kai daga 2001 har 2014, sama ba ta faɗo ba. Masu sabar kuwa, wato manyan kwamfutocin ajiyar bayanai, irin bankuna, kamfanin manhaja na Red Hat na ba su shekara goma, in sun biya a ƙara musu. Ashe dai ana iyawa, sai dai ga mai kuɗi. Ni a ganina shekara goma sha biyar ya kamata a riƙa toshe ɓarakar tsaro a kwamfutar tebur. Ba mu ce a yi mana sabon ado ba.

Da ya kawo zancen komawa Ubuntu, wata manhajar kyauta da ke maye gurbin Windows, kuma dariya na yi. Ɗalibi ya zo da aikin CorelDRAW, manhajar zane da ba a yi ta don Ubuntu ba, malaminsa na jira, in ce masa me?

Sannan don Allah ku rage tallan maganin gargajiyar nan. Wani bawan Allah ya kira daga Tudun Wada yana tsakiyar tambaya kuka katse shi, ba ku koma kansa ba har aka rufe shirin.

Mai sauraronku,
daga Samaru, Zariya.