Rahoton ayyukan Zumuntar Mata na shekara ta 2024

Iyayenmu da ƴan'uwa mata, muna gaishe ku cikin sunan Ubangiji Yesu. Ga bayanin amanar da kuka damƙa wa kwamiti bana, shekarar da bisharar da masu mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) suka kawo Damagaram a 1924 ta cika shekara ɗari.

Ayyukan da muka saba sun tafi lafiya. Addu'ar Alhamis ba ta tsaya ba ko da damina, lokacin da yawancinmu ke gona. Mun kai wa majinyata a Danja sabulu da gero, mun je gaisuwa wurin ƴan'uwa na Tibiri, adashe kuma ya zagaya babu rigima. Lissafin asusu ma'aji za ta karanta da bakinta.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne nazarin matsayin mace a gaban teburin Ubangiji, wato inda ake rabon gurasa da ƙoƙo a ranar Jibin Ubangiji. Ƴan matanmu ne suka taso da maganar, don suna ganin mata sanye da rigar limanci a waya. Mun buɗe Littafi Mai Tsarki, ba mu tsallake ko ɗaya ba: 1 Timoti 2:12 da ke hana mace iko a kan namiji, da Romawa 16:1 inda Bulus ya yaba wa Fibi mai hidima a ikilisiyar Kankiriya, da Ayyukan Manzanni 18:26 inda Biriskilla da mijinta suka ƙara wa Afolos haske. Mun kuma duba yadda wasu suka yi. Cocin Ingila ta naɗa mata limamai a 1994, ta naɗa bishop mace ta farko a 2015. A 1994 ɗin nan Paparoma John Paul na biyu ya ce limanci na maza ne, sai dai a 2021 Paparoma Francis ya buɗe wa mata hidimar karatu da taimako a bagade. Kan naɗin fasto mace bakinmu bai zo ɗaya ba, kuma ba mu tilasta ba. Batun sa wa masu zaman aure na jinsi ɗaya albarka, wanda takardar Vatican, fadar Paparoma, ta Disamba 2023 ta tayar, bishop-bishop na Katolika a Afirka suka ƙi a Janairun 2024, shi ma an tambaya. Mun faɗi abin da ikilisiyarmu ke riƙe da shi, aure tsakanin mace da namiji, tare da gargaɗi cewa ba a ba kowa izinin zagi ko wulaƙanta ɗan Adam ba.

Inda bakinmu ya haɗu, inda kuma hawaye suka zuba, shi ne batun iyayenmu da ke zaune da kishiya. Akwai wata baba a cikinmu, kun san ta. Duk ranar Jibin Ubangiji ita ke zuwa tun da sassafe ta wanke ƙananan kofuna, ta goge faranti, ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. In an fara rabo sai ta koma bencin baya, ta naɗe hannuwa cikin mayafi, farantin ya wuce ta. Laifinta shi ne ita ce ta biyu a gidan mijinta, auren da iyaye suka ɗaura tun ba ta ji bishara ba. Ina za ta da ƴaƴa da jikoki in ta fita? A ganina, ni mai rubuta wannan rahoto, 1 Timoti 3:2 ya ɗora sharaɗin mace ɗaya a kan mai neman shugabanci ne, bai ambaci wadda ta zo karɓar gurasa ba. Ba mu muka fara wannan tunani ba: taron bishop-bishop na Anglika da ake kira taron Lambeth, a 1988, ya yarda a yi wa mai mata da yawa baftisma tare da matansa da suka ba da gaskiya, muddin ba zai ƙara aure ba, kuma kada a tilasta masa korar ko ɗaya.

Haka nan matasan da tsadar akwati da kayan ɗaki da gara ta sa suka tare ba a ɗaura a majami'a ba, yanzu suna zaune nesa da teburin. Don su muka buɗe ƙaramin asusu, muka tara tukwane da zannuwa da katifu, aka kuma gyara auren wasu bayan sujada ba tare da biki ba.

Mun rubuta wa fasto da dattawan ikilisiya wasiƙa cikin ladabi, muna roƙon su sake duba batun matan da bishara ta tarar a gidan kishiya. Sun karɓa, sun ce za su kai gaba, muna jiran amsa. Kafin nan, wadda ta san wata da ta daina zuwa sujada saboda wannan, ta sanar da shugaba a asirce don mu je gidanta. Za a sabunta kwamiti a taron farko bayan Sabuwar Shekara, kowace ta zo da kuɗin wata.

Magatakardar Zumunta, Maradi