Abin da tada akori-kurar Baba ya ci mani

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki, ya haƙuri da jama'a. Don Allah ka ɗan ba ni fili in amayar da abin da ke cikina, kuma ka yi haƙuri da Sakkwatancina in ya ɓullo nan da can, haka bakin ya saba.

Maganar mota ce, amma ba irin waɗanda kuke sa hotonsu masu ƙyalli ba. Tsohuwar akori-kura ce Peugeot 504, mu dai Fijo munka sani, mahaifinmu Allah shi jiƙan shi ya saye ta a 1984, haɗin Kaduna ce daga kamfanin nan na Kakuri da ya fara haɗa mota tun 1975. Da ita ya riƙa ɗauko albasa daga Wurno da Goronyo zuwa kasuwar Kara, da ita ake kai taki gona, da ita ake kai kayan amare na duk unguwarmu, gawa ma ta ɗauka ba ɗaya ba ba biyu ba. Kuɗin makarantarmu daga bayanta ya fito. Da Baba ya rasu a 2011 sai anka tura ta gindin dogon yaro ƙofar gida anka ce sai an huta a duba ta, hutun da ya kai shekara 11 kenan, awaki na kwana ƙarƙashinta kaji na ƙwai a kujerar direba.

Abin da ya tashe ni, ƙarshen 2022 wani ɗan gwangwan ya zo ya zagaya ta ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can ya ce ya saya naira dubu 120, shi nauyin ƙarfe kawai yake gani. Ƙannena har sun fara lissafin rabo. Inna ba ta ce komai ba, ta dai tashi ta shige ɗaka, ni kuma na san wanga shiru nata. To kayan gado ne ba nawa ni kaɗai ba, dole na zauna da magada anka yi mata kuɗi dubu 200 na biya kowa haƙƙinshi. Ka ga tun ba a ɗora sifana a kanta ba ta fara cin kuɗi.

Yaron da na fara kira, bakanike ne mai hannu wallahi, shi ke duba mani ƙaramar motata, ya leƙa ya ce Alhaji dubu 600 ta isa ta tashi har da fenti. Na ji daɗi na sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare na ce duk kwabon da ya fita sai na rubuta. Littafin nan yanzu ko buɗe shi ba na so in uwargida na kusa.

Da anka ja ta zuwa gareji sai ga shi inji ya cije ko motsi ba ya yi. Anka kwance fulogi anka ɗura baƙin mai anka bar shi sati guda, shiru. Nan yaron ya ce shi gaskiya shawararshi a jefar da injin a sa mata na Toyota a huta, wai kowa haka yake yi yanzu. Na ce to in an sa mata zuciyar wata ai ba motar Baba ba ce kuma. Ya yi dariya ya ce shi dai kafireta da kwantak, kayan injin tsoffin motoci, ba layinshi ba ne, ya saba da motar da ake jona ma kwamfuta ta faɗi ciwonta da bakinta. Ban ga laifinshi ba, abin da ke kawo mai abinci shi ya koya.

Sai da na yi kusan wata ina cigiya kafin anka nuna mani wani dattijo da ya yi zamani da Fijo, ya bar aiki yana zaune gida ido ya fara rauni. Da na kai shi ya ga motar sai da ya daɗe yana shafa ta, ya ce yaro ai wagga ba ta mutu ba barci take. Shi ya fahimtar da ni cewa injin 504 silif gare shi, wato bututun da fistin ke hawa da sauka cikinshi, wanda ake zarewa, ba sai an kai bulo an gurza ba, a samo saitin silif da fistin da ringi a zuba, a kai karanshaf a yanka a sa metal daidai da yankan, a canza gasket, shi kenan. A baki hwa abu mai sauƙi. Samo kayan shi ne aikin.

Kuma Malam Edita ka dubi lokacin da Allah ya sa na faɗa wanga aiki. Farkon 2023 ga wahalar canjin kuɗi, kana da kuɗi a banki ba ka iya biyan mai walda dubu 5 a hannu. Muna fita wannan, ranar 29 ga Mayu anka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwana biyu, a watan Yuni anka saki naira dala ta kama gudu, wadda ke wajen 460 a farashin gwamnati sai ga ta ta wuce 1,500 farkon 2024. Duk abin da na tambaya yau in na koma bayan sati biyu da kuɗina sai a ce ai Alhaji wancan tsohon farashi ne. Dattijon ya ce in tura Ƙonni, don mutanen Nijar sun fi mu riƙon tsohuwar Fijo kuma ga ta nan kusa da Illela, ina cikin shirin haka sojoji sunka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli anka rufe boda, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris 2024, lokacin kuma sefa ta yi tsadar da ko an kawo kayan sai ka riƙe baki. Dole na koma bin 'yan kayan mota na kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ta waya, a turo hoto a WhatsApp in kai ma dattijo ya kanne ido ya duba ya ce a'a wannan na 505 ne. Inji kaɗai, kaya da kuɗin aiki, ya lashe dubu 520.

Wani mai shago da ba zan kama sunanshi ba ya sayar mani da famfon ruwa cikin kwali mai kyau har da tambarin zaki, ya rantse asali ne. Sati biyu ya fara yoyo. Araha dai ba ta ado, amma abin haushin ba ma arahar na saya ba.

Bodi kuwa, na ɗauka tunda garinmu ba damshi tsatsa ba za ta yi yawa ba, kuma gaskiya shasi lafiyarshi lau, nan Allah ya taimake ni don da ya ruɓe da tun nan na haƙura. Amma ganyen dogon yaro da ya taru a bayan shekara da shekaru yana riƙe ruwan damina, ga ragowar takin zamani da ya maƙale a lungu, sun cinye ƙasan akorin tas kana taka wa ƙafa na wucewa. Sai sabon faranti. Mai walda kuma janareta yake tayarwa don wuta ba ta zama, kowane ƙarin kuɗin mai a kaina yake saukewa. Abin da rana da hunturu sunka kashe shi ne duk wani abu na roba, robar gilashi, tiyon lagireto, bel, robobin birki, kana taɓawa suna marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. Waya kuma ɓeraye sun yi biki da ita, sai da rewaya ya sake ja tun daga fitila har baya. Taya 4 da batir kusan dubu 300. Sifirin na baya maƙera sunka buɗe sunka sake lanƙwasa shi, a nan na ga ashe Baba ya ƙara mata ganye guda kowane gefe saboda lodin albasa, na ce a bar shi yadda ya sa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ko in ce waya. Ƙofar hagu da gilashin gaba da fitilu sun gagara samuwa, sai dattijo ya ce mu je wajen 'yan gwangwan mu duba tunda gaban akori-kura da na 504 ta shiga duk ɗaya ne. Malam Edita abin da na gani a filin nan ya tsaya mani a rai. Fijo 3 na tarar an riga an yanka su da wutar gas an tara kamar itacen girki ana jiran tirela ta kai su kamfanin narka ƙarfe a kudu, da giyabos ɗinsu da kafireta da komai, abin da na yi wata 4 ina nema a Kano ga shi an sare shi biyu an ɗora a sikeli. Ta huɗun ce munka tarar da sauran kwana, na saye ta dungum dubu 380, na cire abin da zan cire, dattijo ya kwashi sauran yana ta murna kamar an ba shi kujerar Makka. Su yaran ba su da laifi, kilo suke saye kilo suke sayarwa. Amma duk wadda anka narka, kayan waɗanda sunka rage sai sun ƙara tsada, kuma Kaduna ta daɗe da barin haɗa 504 balle a ce za a ƙaro.

Haka su ma masu gyaran. Ranar da za a tada injin na ga dattijon nan ya yagi kwalin ashana ya auna buɗin kwantak da shi, ya ɗora sukundireba a kan inji ya kafa kunne a ƙotar yana saurare yana juya sukurun kafireta kaɗan kaɗan har ƙarar ta kwanta ta zama irin wadda nake ji da asuba ina yaro in Baba zai fita. Na tambaye shi yaranshi nawa sunka iya wannan, ya ce na ƙarshensu kabu-kabu yake yi yanzu.

Fenti da ɗinkin kujera dubu 410, fara anka mayar da ita yadda take, na sa mai zane ya maida rubutun da ke ƙofar baya, Rabo Na Allah. Takardu duk sun mutu sai da anka sake sabbi da sabuwar lamba, tsohuwar mai SO tun lokacin da Birnin Kebbi da Gusau ke cikin jihar Sakkwato na rataye ta a ɗakina. Da na tattara lissafi bayan wata 16, miliyan 2 da dubu 700 da 'yan kai, ban sa kuɗin mota zuwa Kano sau 2 ba, ban sa shayi da tuwon 'yan gareji ba. Wani dillali ya taya ta miliyan ɗaya da rabi. Uwargida ta ce da fili na saya a bayan gari da yanzu ya ninka, kuma ban da amsar da zan ba ta don gaskiyarta ce. Duk mai tunanin zai tada tsohuwar akori-kura ya sayar ya ci riba ni dai ban ga hanyar ba, ga shan mai kuma, ba ta san an cire tallafi ba. In ko dole sai ka yi, ka fara shiga ƙarƙashinta ka duba shasi, ka nemi matacciyar irinta ka aje gefe tun kafin ka fara, abin da bakanike ya yanka maka kuma ka ninka shi 3 ka ga ko aljihunka zai ɗauka.

Ranar da na kawo ta gida Inna ta fito da lulluɓinta ta shiga gaba ba wanda ya ce ta shiga, munka zagaya ta Gawon Nama munka dawo cikin zafin Afrilu allurar zafi ko gezau. Na so in kai ta har Goronyo kamar da, amma ka san yadda hanyoyin gabashin jiharmu suke yanzu, sai a hankali.

Roƙona gare ku, ku turo wakilinku ya zauna da irin waɗanga dattawan gareji a Sakkwato da Gusau da Kano ya ɗauki bayaninsu tun suna da rai, makarantun koyon sana'a da kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi su ma za su iya gayyatarsu ko sau ɗaya a wata su nuna ma ɗalibai. Masu tsohuwar Fijo a gida kuma don Allah kafin ku kira ɗan gwangwan ku fara sanar da bakanike, ko fitila ce a cire. Ni kaina har yau gilashin danjar baya ta dama nake nema, jan leda na liƙa a wurin, duk wanda ke da shi ya taimaka ya sanar ta hannun jaridar nan zan biya.

Na gode, Allah shi ƙara ɗaukaka.

Mai karatunku daga Mabera, Sakkwato.