Kafin a ce "a sai da shi", a fara duba littafin kulob

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili a shafin wasiƙu domin mu sa baki a wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a gidajen kallon ƙwallo na Sakkwato, daga Mabera har Runjin Sambo, da teburan masu shayi bayan an tashi wasa. Maganar Manchester United ce: wa za a sallama, wa za a ɗauko.

Ɓacin ran magoya baya yana da dalili. Tun da Alex Ferguson ya ajiye aiki a 2013 kulob ɗin bai sake ɗaukar kofin Firimiya ba. A kakar 2024/25 ya ƙare na 15 da maki 42, ya ci ƙwallo 44 kacal a wasa 38, sannan Tottenham ta doke shi ɗaya da nema a wasan ƙarshe na kofin Europa. Shi ya sa da ɗan wasa ya ɓarar da ƙwallo sai ka ji an ɗaga murya daga bencin baya: "Wanga yaro bai iya komi ba, a sai da shi!" Wani kuma ya amsa: "A kawo muna Osimhen, magana ta ƙare." Mu ma ciwon yana damun mu. Amma sayarwa da saye suna da lissafin da yawancinmu ba mu dubawa, kuma a wannan lissafin ne kulob ɗin ya fi cutar da kansa.

Idan kulob ya sayi ɗan wasa, akantoci ba sa rubuta kuɗin duka a shekarar da aka saye shi. Raba kuɗin suke yi a kan shekarun kwantiraginsa. Ɗauki Antony. An ɗauko shi daga Ajax a 2022 a kan Yuro miliyan 95, da kwantiragin shekara biyar, wato kowace shekara ana cire miliyan 19 daga darajarsa a littafi. Bayan shekara uku saura miliyan 38. Da aka sayar wa Real Betis shi a 2025 a kan abin da bai wuce miliyan 25 ba, mai kallo ya ga kuɗi sun shigo, akanta kuwa asarar kusan miliyan 13 ya rubuta a take. To da an bi kiran magoya baya an sayar da shi tun bayan shekara ɗaya, lokacin da saura miliyan 76 a kansa, wane kulob ne zai biya ko rabin haka? Wannan ne dalilin da ya sa ake ganin ɗan wasan da kowa ya san ba ya da amfani yana zaune a benci shekara biyu, ko ana ta tura shi aro. Ana jira ne darajarsa ta littafi ta sauko ta haɗu da farashin kasuwa.

Wani zai ce ai masu kulob ɗin attajirai ne, su haɗiye asarar mana. Doka ba ta bari. A waɗannan shekarun dokar Firimiya ta hana kulob yin asarar da ta haura fam miliyan 105 cikin shekara uku, kuma an ga aikinta a kakar 2023/24: an zabtare wa Everton maki 10, aka rage zuwa 6 bayan ɗaukaka ƙara, aka sake cire mata 2, Nottingham Forest kuma ta rasa 4. Hukumar UEFA ita ma ta ƙayyade cewa albashi da kuɗin sayen 'yan wasa da ladan dillalai kada su wuce kashi 70 cikin 100 na kuɗin shigar kulob daga kakar 2025/26. Dabarar da Chelsea ta yi ta ba da kwantiragin shekara bakwai ko takwas domin rabon ya yi sauƙi, an toshe ta a 2023, yanzu shekara biyar ce iyakar rabon ko da kwantiragin ya fi haka tsawo.

Wannan dokar tana da wani mugun gefe da ya kamata magoya baya su sani. Yaron da kulob ya raina tun yana ƙarami ba shi da kuɗin saye a littafi, don haka duk abin da aka sayar da shi riba ce tsantsa. Shi ya sa kulob da ya shiga matsi yakan fara da 'ya'yan gida. An sayar wa Napoli Scott McTominay, wanda United ta raina tun yana yaro, a Agustan 2024 a kan kusan fam miliyan 25, aka ɗauko Manuel Ugarte daga PSG a kan Yuro miliyan 50. A takarda abin ya yi daɗi: ribar McTominay ta shiga gaba ɗaya, kuɗin Ugarte kuma miliyan 10 kawai za a rubuta duk shekara. A fili kuwa McTominay ya je ya ɗauki kofin Serie A da Napoli a shekararsa ta farko, aka zaɓe shi gwarzon gasar, alhali tsakiyar United tana kukan rashin mai zura ƙwallo. A ganinmu wannan ciniki kuskure ne, kuma duk wanda yake kiran a sayar da ɗan gida domin a samu kuɗin sayen baƙo ya tuna da shi.

Sai albashi, wanda shi ne ainihin ƙaya. Ɗan wasan da ke karɓar fam 250,000 a mako yana cin miliyan 13 a shekara. Idan saura masa shekara uku, kulob na ɗauke da alkawarin miliyan 39, kuma ba wanda zai tilasta masa ya yafe ko sisi. Kulob ɗin Italiya ko Sifaniya da ke son sa ba zai iya biyan rabin wannan ba. Sai a koma ga aro, United ta ci gaba da biyan wani kaso na albashin mutumin da ke buga wa wasu. Ko aron ma sai an kula da yadda aka rubuta shi. An ba Chelsea aron Jadon Sancho, wanda aka saya fam miliyan 73 a 2021, da sharaɗin dole ta saye shi a ƙarshen kaka, amma aka bar mata ƙofar fita: ta biya tarar fam miliyan 5 ta dawo da shi. Ta kuwa biya. Sharaɗin tilas da tararsa ba ta kai ta tsorata mai saye ba, sunansa kawai tilas.

Masu cewa a yi musaya, a ba da wane a karɓo wane ba tare da kuɗi ba, su tuna Janairun 2018. An ba Arsenal Henrikh Mkhitaryan aka karɓo Alexis Sanchez. Da yake ba a biya kuɗin saye ba, sai aka zuba masa albashin da ya shiga sahun mafi tsada a Ingila. Ƙwallo biyar ya ci a wasa 45, ya tafi Inter aro a 2019, daga baya ya zauna can kyauta. Ɓarnar ba ta tsaya a kansa ba, domin duk ɗan wasan da ya zo sabunta kwantiragi bayansa da albashin Sanchez dillalinsa yake auna buƙata.

Akwai kuma waɗanda ke bin wasannin Amurka a waya, suna cewa a yi yadda ake yi a besbol: a rushe komai, a sayar da manya, a tara yara, a jure shekara uku. Gaskiya ne can abin yana yiwuwa. Houston Astros ta sha kashi a wasa fiye da 100 cikin 162 a kowace shekara daga 2011 zuwa 2013, ta kuma zama zakara a 2017. Amma tsarinsu daban ne. Ƙungiyoyi 30 ne, ba a sauke kowa zuwa ƙaramin aji, a wancan lokacin wadda ta fi shan kashi ita ke da damar fara zaɓen matasan da suka fi iyawa, kuma kafin a rufe kasuwa a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta ana iya musanya yawancin 'yan wasa ba da yardarsu ba. A Firimiya kuwa, ƙungiyoyi uku na ƙarshe faɗawa ƙaramin aji suke yi, ba wanda zai ba ka yaro kyauta don ka yi rashin nasara, ɗan wasa kuma in ya ce ba ya tafiya, ba ya tafiya. Kulob da ya ƙare na 15 ba shi da filin da zai ƙara ja da baya da gangan.

Abin da ya fi duka cin kuɗi shi ne sauya koci tare da sauya salon wasa. Moyes, Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, Ten Hag, Amorim, kowa da irin ƙwallonsa, kowa kuma an saya masa mutanensa. Ten Hag ya tara waɗanda ya sani tun Ajax: Antony, Lisandro Martinez, Onana, De Ligt, Mazraoui. A bazarar 2024 aka sake kashe masa kuɗi a kan 'yan wasa biyar, a Oktoba aka kore shi. A Nuwamba Amorim ya zo da tsarin 'yan baya uku da masu gudu biyu a gefe waɗanda ke kai hari su dawo su tare. Irin wannan tsari ba ya da gurbin ɗan gefe na gargajiya, ga shi kulob ɗin cike yake da su. Zuwa bazarar 2025 Rashford, Garnacho, Sancho da Antony sun zama kayan da ba a buƙata, aka kuma bar duniya ta sani. Wanda ya kai sa kasuwar Kara, dillalai suka gane bashi ne ya koro shi, ya san irin tayin da zai ji. Ko an yanke shawarar rabuwa da ɗan wasa, a ci gaba da sa shi wasa, koci ya kame bakinsa a gaban 'yan jarida har a sa hannu.

Maganin wannan shi ne kulob ya tsayar da salonsa, daraktan wasanni ya riƙe ragamar saye, a nemo kocin da ya dace da 'yan wasan da ke ƙasa. Sannan a kiyaye shekaru. Casemiro ya zo a 2022 yana da shekara 30, a kan fam miliyan 60 da ƙarin 10, da kwantiragin shekara huɗu. Ya taimaka ƙwarai a kakarsa ta farko, ba mai musun wannan, amma wanda ya haura 30 shekara biyu ya kamata a ba shi da zaɓin ƙarin ɗaya, domin ba za a sake sayar da shi da daraja ba. Manyan kuɗi a kan ɗan shekara 21 zuwa 25 ake zuba su. Duk wanda kuma kwantiraginsa ya rage saura shekara biyu, a zauna da shi: ko ya sabunta ko a sa shi kasuwa. In aka bari ya kai saura wata shida, yana da ikon ƙulla yarjejeniya da kulob na wata ƙasa, ya tafi kyauta. Paul Pogba sau biyu yana barin United haka, a 2012 da 2022, a tsakani kuma an biya fam miliyan 89 an dawo da shi.

Masu rubuta jerin sunaye goma da za a sayo su sani cewa rajistar Firimiya mutum 25 take ɗauka, kuma waɗanda ba a raina a Ingila ko Wales ba kada su wuce 17. Ba fasfo ake dubawa ba, shekara uku a kulob na can kafin cika 21 ake dubawa. 'Yan ƙasa da 21 ba sa cikin ƙidayar. Ke nan kowane baƙo da zai shigo, sai an san wanda zai ba shi gurbi.

Game da cinikin bazarar 2025, ra'ayinmu a rabe yake gida biyu. Ɗauko Cunha da Mbeumo daidai ne, domin sun riga sun ci ƙwallaye a Firimiya tare da Wolves da Brentford, kuma kulob mai ƙwallo 44 dole ya nemi masu ci. Amma kashe kusan fam miliyan 200 a kan 'yan gaba uku, har da Sesko, ba tare da an ƙara ko mutum ɗaya a tsakiya ba, ganganci ne. A tsarin da mutum biyu kaɗai ke tsakiya, ana buƙatar mai huhu da zai rufe fili idan an ƙwace ƙwallo. In babu shi, 'yan baya uku za su riƙa fuskantar hari kai tsaye, sai a dawo ana zagin gola.

Wannan lissafi ya shafe mu a gida ma. Masu horar da yara a unguwanninmu, waɗanda ke kai su filin Giginya gwaji, su daure su yi wa ƙungiyoyinsu da yaransu rajista a hukumar ƙwallo. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe ga ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Idan aka sayar da yaro Yuro miliyan 10, rabin miliyan ne za a raba, ƙungiyar da ta riƙe shi daga 12 zuwa 15 tana da Yuro 100,000. Amma da takardar rajista ake biya. Wanda ba sunansa a rubuce, ko unguwa duka ta shaide shi, ba zai ga ko kwabo ba.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, shi ne idan shafin wasanni zai kawo labarin ciniki, a riƙa haɗawa da shekarun ɗan wasan, da tsawon kwantiragin, da shekarun da suka rage masa a inda zai baro, idan kuma aro ne a faɗi ko akwai sharaɗin saye da wanda zai biya albashi. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka, amin.

Naku,
Wasu masu bibiyar ƙwallon ƙafa,
Sakkwato.