Zafin Ɗaki Daga Rufi Yake Saukowa

Malam Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin masu gina azuzuwa, ɗakunan shan magani da gidaje a karkara kan kuskuren da ya zama ruwan dare: a ɗora kwano kai tsaye a kan bulo mara kauri, a wurin da ko wutar fanka babu.

Idan rana ta take, zafin kwano yakan haura digiri 60, kuma kan mutanen ciki yake sauka. Silin kaɗai ba ya raba wannan gardama. In aka toshe tsakaninsa da kwano, iskar da ta maƙale takan gasu, wurin ya koma tanda. Sai an bar tazara ta santimita 30 zuwa 50, a buɗe ta gefuna da ƙololuwa don iska mai zafi ta fice, a sa raga saboda jemagu da tsuntsaye. Haka masanin zanen gine-gine Francis Kéré ya gina makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso a 2001: silin na tubalin laka, kwano kuma a ɗage can sama. A bar bakin rufi ya zarce bango da kamar mita ɗaya, ya yi masa inuwa, ya kare shi daga ruwan sama. Farin fenti a saman kwano yana rage zafi sosai, sai dai ƙura na dusashe shi, dole a riƙa wankewa.

Bangon laka mai kaurin santimita 40 yana shanye zafin rana, sai bayan kimanin awa goma ya ratsa ciki. Shi ya sa ake rufe tagogi da rana, a buɗe su da dare bangon ya huce. Wannan dabara ta yankin da dare ke sanyi ce. Inda iska ke da laima, dare bai da sauƙi, bango mara nauyi da manyan tagogi masu kallon juna sun fi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yaɓa siminti a kan laka. Yana tsagewa, ruwa ya shige ya kasa fita, bangon ya ruɓe ta ciki. A yi yaɓen da laka, a ɗaga tushe da dutse santimita 30 daga ƙasa.

Tun wurin fitar da tushe, dogayen bangwaye su kalli arewa da kudu, a dasa itatuwa ta yamma, inda ranar la'asar ke dukan gini.

Naka,
Wani mai sana'ar gini