A fara turo motar shara kafin a turo takardar tara

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in tofa albarkacin bakina kan wata magana da ke yawan tasowa a shirye-shiryen rediyo na Kano da zarar damina ta kawo jiki, wato kiran da wasu ke yi cewa a riƙa cin tarar duk magidancin da aka samu kwando ko buhun shara a ƙofar gidansa ko a bakin titi. Masu wannan kira suna da hujja, don ba wanda ke son ya taka ruɓaɓɓen abinci a hanyarsa ta masallaci. Amma a ganina, kafin a tuhumi mutum kan ajiye shara a bakin hanya, wajibi ne a nuna masa inda zai kai ta da ranar da za a zo a ɗauka.

Duk wanda ke zaune a lungu ya san yadda abin yake. Mota ba ta shiga. Uwargida tana tara sharar a tsohon buhun shinkafa ko bokitin fenti, in ya cika ta jira almajiri ko mai baro ta biya shi ya tafi da ita. Yaron nan kuwa in juji ya yi masa nisa, kwata mafi kusa zai juye ta ya dawo da bokiti. Jujin da muka tashi muka gani a unguwanni da yawa yau shaguna ne a wurin, kududdufai ma an cike su an yi gini. To magidancin da ya ɗaure bakin buhunsa ya kai bakin babban titi yana jiran mota, shi ne ma ya yi ƙoƙari. Idan motar ta kwana biyu ba ta zo ba, awaki su farke buhun, 'yan bola jari su tone su ɗebi roba da ƙarfe, iska ta kwashi leda ta watsa. Ranar da jami'ai suka fito, buhun nan da ke fili shi za su gani, mai shi za su kama, wanda ya zuba tasa a kwata cikin dare kuwa ya sha. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

A da sharar Kano tana da masu nema. Manoman karkarar da ke kewaye da birni sukan shigo da itace a kan jakuna, su koma da toka da kashin dabbobi da sharar gida su zuba a gona, kuma da wannan taki ne ake noma gonakin nan shekara da shekaru ba hutu. Leda ce ta lalata wannan ciniki, musamman ta ruwan sha, domin ba manomin da zai so a jibge masa ita a gona. Ga gari ya yi faɗi, ya wuce ganuwa ya cika ƙananan hukumomi 8, har Ungogo da Kumbotso. Sharar irin wannan gari ta fi ƙarfin jaki da baro, aikin hukuma ne. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, jiha kuma tana da hukumar kwashe shara ta REMASAB. Saboda haka akwai waɗanda hakkin ke wuyansu tun kafin a zo kan talaka.

Wasu na cewa sai da tsoro ake gyara, suna tuna zamanin duba-gari da kuma yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Buhari da Idiagbon da aka fara a 1984. Gaskiya ne tsaftar ƙarshen wata da muke yi ranar Asabar tana da asali a wancan lokaci, kuma har yau kotun tafi-da-gidanka na cin tarar masu karya dokar. Amma a dubi abin da ke biyo baya. Matasan unguwa su fito da shebur da manjagara su yashe kwata, su tara baƙin laka a gefe, a wayi gari ba motar da ta zo, ruwan sama na farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Wa za a ci tara a nan?

Ko a Ingila, inda ake cin tara kan barin kwandon shara a hanyar masu tafiya a ƙasa, ƙaramar hukuma ce ke fara sanar da kowane gida irin kwandon da zai yi amfani da shi da ranar fito da shi. Tun gyaran dokar da aka yi a 2015, sai an rubuto wa mutum gargaɗi ya ƙi ji kafin a kai ga tara. Wanda zai aro tarar daga can, to ya aro har da motar da ke zuwa a kan lokaci da takardar gargaɗin.

Ba ina cewa a bar kowa ya yi yadda ya ga dama ba. Akwai waɗanda ni ma zan so in ga an ci su tara mai zafi. Na farko su ne masu jiran hadari ya haɗo, da ruwa ya kece su fito da kwanduna su juye a kwata wai ruwa ya tafi da ita, alhali gidan maƙwabcinsu na gangare za ta toshe. Sai masu gini da ke jibge yashi da ɓaraguzai su cinye rabin titi har wata da watanni, da gidajen biki da ke zubar da robobin abinci a bayan katanga, da uwa uba masu gina shago a kan magudanar ruwa. 'Yan kasuwar Kantin Kwari ba za su manta da ambaliyar 2022 ba, lokacin da ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa atamfa da shadda. Irin waɗannan masu laifi suna da hali, sun kuma san abin da suke yi.

Ga sauran jama'a, abin da nake roƙo bai da wuya. A ajiye babban mazubi a bakin kowane lungu, a tsayar da ranar kwashewa, mai unguwa da limamin masallaci su sanar. A yi wa masu baro rajista a nuna musu inda za su juye, tunda dama su ke aikin. Wanda ya saɓa bayan haka a gargaɗe shi ta hannun mai unguwa, in ya sake a ci shi tara, a ba shi rasit, kuɗin ya shiga asusun gwamnati. Tarar da ake sasantawa a bakin titi ba rasit, cin hanci kawai take haifarwa.

Edita, don Allah ka tura wakilinka ya nemo jadawalin kwashe shara na kowace unguwa daga hukumomin da abin ya shafa, ka buga shi a wannan jarida, domin ranar da mota ba ta zo ba mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Na gode.

Mai karatunka,
daga Kurna, Kano